Zari-rugar Wales: koci ne ya gaza, ko benci ne ya bushe?

Ranar 29 ga Nuwamban 2025, Afirka ta Kudu ta shiga filin Principality da ke Cardiff ta zuba wa Wales maki 73, masu masauki ba su samu ko ɗaya ba. Wata takwas kafin nan, a wannan filin dai, Ingila ta yi musu 68 da 14. Wanda ba ya bibiyar wasan zari-ruga zai ɗauka wata ƙaramar ƙasa ce da ta fara koyon wasan jiya. Alhali a watan Agustan 2019 Wales ce ta ɗaya a jadawalin duniya, bayan ta yi nasara a wasanni 14 a jere, kuma ita ce ta ɗauki kofin Gasar Ƙasashe Shida ta Turai a 2021.

Tsakanin Oktoban 2023 da Yulin 2025 ta sha kashi sau 18 a jere. Abin ya fara ne daga wasan kusa da na kusa da ƙarshe na Gasar Cin Kofin Duniya, inda Ajantina ta cire ta da 29 da 17 a Marseille. Shekarar 2024 ta zo ta wuce, wasanni 11, babu nasara ko guda, abin da rabon ƙasar da ganin irinsa tun 1937. Sau biyu a jere, a 2024 da 2025, ta ƙare a ƙasan teburin Gasar Ƙasashe Shida, ta ɗauki abin da suke kira cokalin katako. Sai a birnin Kobe, ranar 12 ga Yulin 2025, ta samu ta doke Japan da 31 da 22.

Magoya baya sun rabu. Wasu sun ce koci ne, salonsa ya tsufa, zaɓen 'yan wasansa ba ya kan hanya. Wasu sun ce ko wa aka kawo haka za a gani, domin 'yan wasan ne babu. Kashi na uku kuma suna nuna hukumar wasan ta ƙasa, WRU, da yatsa. Kowane ɓangare yana da hujja a hannu, amma hujjojin ba nauyinsu ɗaya ba.

Batun koci shi ya fi sauƙin warwarewa, domin an gwada an gani. Warren Gatland, ɗan New Zealand, shi ne ya riƙe ƙungiyar daga 2008 zuwa 2019, ya cinye duka wasannin Gasar Ƙasashe Shida a 2008 da 2012 da 2019, ya kai ta wasan kusa da ƙarshe na Kofin Duniya sau biyu. Da aka sallami Wayne Pivac a Disamban 2022, bayan Italiya da Jojiya sun doke Wales har gida, sai aka dawo da shi. Masu sukarsa a zagaye na biyu ba su yi ƙarya ba. Ya sa Ben Thomas a lamba 10, gurbin mai tsara wasa, alhali a kulob ɗinsa na Cardiff lamba 12 ya saba bugawa. Ya bar Gareth Anscombe da Max Llewellyn a waje a farkon gasar 2025 duk da suna taka rawa a kulob ɗin Gloucester na Ingila. Faransa ta yi musu 43 da nema a Paris, Italiya ta doke su a Rome, ya tafi a watan Fabrairu. Matt Sherratt ya karɓa na wucin gadi, ya kira waɗanda aka bari a waje, ya maida kowa gurbinsa. A wasansa na farko Wales ta kai ga jan ragama da 18 da 10 a kan Ireland kafin a ƙare 27 da 18. Filin ya ɗauki sowa, aka ce an gano bakin zaren. Mako uku bayan nan Ingila ta zo da 68. Daga baya aka ɗauko Steve Tandy, wanda ya yi suna wajen gina tsaron bayan Scotland, kuma a wasanninsa huɗu na farko an zuba wa Wales maki 200 cif: 52 daga Ajantina, 23 daga Japan, 52 daga New Zealand, 73 daga Afirka ta Kudu.

Kociyoyi uku, salo uku, sakamako kusan iri ɗaya. Zaɓe mai kyau yana iya sauya wasan da aka rasa da tazarar maki ɗaya ko biyu, irin 16 da 14 da Ingila ta yi musu a Twickenham a 2024, ko 27 da 26 da Scotland ta yi musu a Cardiff. Ba ya rufe tazarar maki hamsin.

Saura batun yawan 'yan wasa, kuma a nan ne muhawarar take yawan kaucewa hanya, domin ana maganarsa kamar adadi ne guda: akwai ko babu. A zari-ruga ba haka lissafin yake ba. Mutum 15 ne ke fara wasa, takwas a gaba masu ƙarfi, bakwai a baya masu gudu da dabara. Wasu takwas suna benci, kuma uku daga cikinsu dole ne su kasance ƙwararrun sahun gaba na turereniya (inda 'yan gaban ɓangarorin biyu suke haɗa kafaɗu su ture juna don samun ƙwallo), wato masu iya maye lamba 1 da 2 da 3, saboda hatsarin da ke tattare da sa wanda bai iya ba. A manyan wasanni kusan duka takwas ɗin sukan shiga, yawanci tsakanin minti na 50 da na 65 cikin mintuna 80. Ke nan a ƙarshen wasan, fiye da rabin waɗanda suka fara ba sa fili. Afirka ta Kudu ce ta fi kowa fahimtar wannan. A 2019 ta cika bencinta da 'yan gaba shida, a wasan ƙarshe na 2023 ta kai su bakwai, ta yadda abokin karawa zai fuskanci sabon ayarin ƙarfafa bayan ya riga ya gaji da na farko.

A duba yadda Wales take faɗuwa, za a ga alamar. A watan Maris na 2024 tana gaban Faransa da 24 da 20 bayan an dawo hutun rabin lokaci. Faransa ta sako mutanen bencinta, wasa ya tashi 45 da 24. A Kitakyushu, a Yulin 2025, an tafi hutu tana da 19 Japan tana da 7, aka tashi 24 da 19 ba ta ƙara ko maki ɗaya ba. Akwai zafi da gumi a wannan ranar, gaskiya ne, amma ƙungiyar da za ta iya sauya mutum takwas ba tare da ingancinta ya faɗi ba ita ce take jure zafi. Idan aka jera zaratan Wales 15 na farko, duk suna da lafiya, ba abin dariya ba ne. Matsalar tana farawa ne daga mutum na 16.

Kuma ƙarancin ba a kowane gurbi yake ba. A lamba 7, mai farautar ƙwallo a ƙasa, Wales tana da Jac Morgan da Tommy Reffell, wanda kowace ƙasa a Turai za ta so samun ɗaya daga cikinsu. A gefe akwai Josh Adams, da Louis Rees-Zammit da ya dawo daga ƙwallon Amurka a 2025, da Tom Rogers wanda ya dire ƙwallo sau uku a bayan layin New Zealand a watan Nuwamba. Tomos Williams a lamba 9 yana cikin waɗanda ake ji da su a gasar Ingila. Inda rijiyar ta ƙafe shi ne lamba 3, da manyan dogaye na lamba 4 da 5, da masu ɗaukar ƙwallo su fasa sahu da ƙarfin jiki, sai kuma lamba 10.

Lamba 3 ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ne yake gefen dama na sahun gaba a turereniya, kansa a tsakanin kawunan abokan gaba biyu, nauyin mutum takwas na turo shi daga gaba, na 'yan uwansa na turo shi daga baya. Idan ya ja da baya, ko kafaɗarsa ta yi ƙasa da ƙugunsa, ko ya karkata ciki, alƙalin wasa zai hura usur. Abin da ke biyo baya a jere yake. Abokan gaba za su buga ƙwallon zuwa gefen fili kusa da layin Wales, jifan ya zama nasu. Za su kama ƙwallon a sama, su dunƙule, su fara tura gungu zuwa layi. Mai tsaron da ya ga za a wuce da shi zai kayar da gungun, wanda laifi ne, sai a sake ba da bugun hukunci, wani lokaci har da katin gargaɗi mai fitar da mutum na minti 10. Cikin minti biyar an rasa maki bakwai da mutum guda, kuma duk daga rauni ɗaya ne a wuri ɗaya. Mai kallo a gida zai ga an keta tsaro, ya zagi kocin tsaro.

Wannan gurbi ba a koyonsa da wuri. Ɗan gefe mai shekara 19 zai iya shiga wasan ƙasa da ƙasa ya haskaka, kamar yadda George North ya yi a 2010 yana da 18, domin gudu baiwa ce. Lamba 3 sai ya sha wuya a hannun tsofaffin hannu, ya san yadda ake karkatar da kafaɗa a ɓoye wa alƙali, ya san lokacin da ake ja da lokacin da ake saki. Yawancinsu sai sun doshi shekara 27 ko 28 suke nuna. Wales ta mori Adam Jones fiye da shekara goma, sannan Samson Lee da Tomas Francis. Da rauni ya ci ƙarfin Lee, Francis kuma ya koma Provence ta Faransa bayan Kofin Duniya na 2023, sai aka koma kan irin su Keiron Assiratti da Archie Griffin, matasa masu ƙoƙari, waɗanda ya kamata a ce suna koyon aikin daga benci, sai ga su suna fara wasa da zakarun duniya.

Haka zancen lamba 10 yake da wata fuska da ba a cika kallo ba. A Wales wannan riga tana da tarihi, ƙasar Barry John da Phil Bennett ce, tsofaffin gwanayen wannan gurbi, saboda haka duk wanda ya sa ta yana ƙarƙashin ido. Tun da Dan Biggar ya ajiye, an gwada Sam Costelow, Ioan Lloyd, Ben Thomas, Anscombe, Jarrod Evans da Dan Edwards. Magoya baya suna ta cacar baki kan wanda ya fi. Amma mai tsara wasa da abin da aka miƙo masa yake aiki. Idan ɗan gaba ya ɗauki ƙwallo ya ci ko da mita biyu ne kafin a kayar da shi, masu tsaro dole su ja da baya su sake jeruwa, ƙwallon ya fito cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, lamba 10 ya karɓa yana fuskantar sahun da bai gama shiri ba. Idan kuwa an tare ɗan gaban tun kafin ya kai inda aka fara, sai an ƙara mutum biyu ko uku don kare ƙwallon, ya fito a makare, masu tsaro sun riga sun taso da gudu. A nan ko waye a lamba 10, zaɓinsa biyu ne: ya buga sama, ko ya miƙa wa wani a kayar da shi a baya. Ƙungiyar Gatland ta farko tana da Jamie Roberts, Mike Phillips, North, Taulupe Faletau, manyan mutane da ke cin wannan mita biyun kusan kowane lokaci, ga Shaun Edwards yana kula da tsaro har 2019. Salon da aka ce ya tsufa, a gaskiya kayan aikinsa ne suka ƙare.

To ina mutanen suka tafi? Kashi na farko na amsar shi ne nasarar da kanta. A 2008 aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Wales, kuma tawagar masu masauki ta ƙunshi Sam Warburton, Leigh Halfpenny, Dan Biggar, Jonathan Davies, Justin Tipuric da Rhys Webb. Aka haɗa su da Alun Wyn Jones da ya riga su, da North da Faletau da suka biyo baya. Wannan ayari ya riƙe riguna fiye da shekara goma. A rangadin British and Irish Lions, tawagar haɗin gwiwa ta zaratan Birtaniya da Ireland, na 2013 zuwa Ostareliya, 'yan Wales 15 aka zaɓa, goma daga ciki suka fara wasan ƙarshe. A rangadin 2025 zuwa ƙasar dai, biyu kacal aka ɗauka, Morgan da Williams.

Matuƙar zaratan suna nan, babu wanda ya damu da abin da ke bayansu. Sai suka tafi kusan lokaci ɗaya. Alun Wyn Jones da Tipuric sun sanar da ajiye wa ƙasa a Mayun 2023, Biggar da Halfpenny bayan Kofin Duniya, North da Ken Owens a 2024. Jones ya buga wa Wales sau 158, North 121, Biggar 112, Halfpenny 101, Tipuric 93, Owens 91. Mutum shida, wasanni fiye da 670, sun fita cikin kusan shekara guda. Aka wayi gari a farkon 2024 Dafydd Jenkins mai shekara 21 ne kyaftin. Gatland ya kira wannan sabon gini, kuma da gaskiyarsa, sai dai a wasan ƙasa da ƙasa yaro yakan koyi aiki ne idan yana tsaye kusa da manya goma. Idan yara goma ne kusa da manya biyu, abin da suke koya shi ne shan kashi.

Kashi na biyu kuɗi ne da tsari. A 2003 WRU ta haɗe tsofaffin kulob-kulob ta kafa ƙungiyoyin yanki biyar na ƙwararru. Ɗaya, Celtic Warriors, ta ruguje bayan shekara guda. Saura huɗu: Cardiff, Dragons a Newport, Ospreys a Swansea, Scarlets a Llanelli. Babu wadda ta taɓa ɗaukar babban kofin Turai a cikinsu, kuma rabon wata da lashe gasar lig tun Scarlets a 2017. Akasarin kuɗin shigar hukumar daga wasannin ƙasa yake fitowa, a filin da ke ɗaukar mutum kusan dubu 74, shi ya sa aka daɗe ana fifita tawagar ƙasa, ana barin ƙungiyoyin da ke ciyar da ita suna fafutuka. Lokacin annobar korona aka ciwo bashin kusan fam miliyan 18, aka ɗora wa ƙungiyoyin huɗu nauyin biya. A Fabrairun 2023 'yan wasan ƙasa suka yi barazanar ƙin buga wasa da Ingila, domin da yawansu kwantiraginsu na dab da ƙarewa kuma an dakatar da sa hannu kan sabbi. A watan da ya gabaci wannan ne shugaban gudanarwar hukumar, Steve Phillips, ya yi murabus bayan rahoton BBC kan zargin cin zarafin mata a cikin ma'aikatar. Da ƙura ta lafa, aka ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashin 'yan wasa zuwa fam miliyan 5.2 a kakar 2023 zuwa 2024, sannan miliyan 4.5 a ta gaba. A Afrilun 2025 Cardiff, ƙungiyar babban birni, ta kasa ɗaukar nauyin kanta, hukumar ta karɓe ta.

Yanke kasafi ba taurari yake fara ci ba. Ƙungiya za ta yi iya ƙoƙarinta ta riƙe sunaye uku ko huɗu da ke jawo 'yan kallo. Waɗanda ake sallama su ne na tsakiya, mai shekara 29 da ya buga wa kulob wasa 150, bai taɓa zama tauraro ba, amma shi ne yake matsa wa matashi lamba a filin atisaye ranar Talata, shi ne yake shiga idan ɗan ƙasa ya tafi sansani. Idan babu shi, atisaye yana yin sanyi, yaro ɗan 20 yana samun riga ba tare da ya ƙwace ta daga hannun kowa ba, kuma ƙungiyar tana shan kashi a hannun Leinster ta Ireland ko Bulls ta Afirka ta Kudu mako bayan mako. Daga nan ake kiransa tawagar ƙasa.

Waɗanda suka fi ƙwarewa kuma sukan tsallaka gada zuwa Ingila ko su wuce Faransa. A 2017 an kafa doka cewa wanda ke buga wasa a waje ba zai wakilci Wales ba sai ya riga ya buga mata sau 60. Bayan rikicin 2023 aka rage zuwa 25. Masu cewa a soke dokar gaba ɗaya suna da hujja: me ya sa ƙasa mai ƙarancin mutane za ta ƙara ɗaure hannunta? Amma wasan 73 da nema ya nuna ɗaya gefen. Dokar hukumar zari-ruga ta duniya tana tilasta wa kulob ya saki ɗan wasa ne kawai a cikin makonnin da aka ware. WRU ta saba ƙara wasa na huɗu a wasannin ƙarshen shekara, a wajen waɗannan makonni, saboda kuɗin tikiti. Saboda haka a ranar babu Tomos Williams na Gloucester, babu Rees-Zammit na Bristol, babu Jenkins na Exeter, babu Adam Beard na Montpellier, babu Nicky Smith na Leicester, jimilla fiye da mutum goma, ga Morgan da ya goce kafaɗa tun wasan Ajantina. Ita ma Afirka ta Kudu ba ta zo da duk mutanenta ba. Bambancin shi ne nata na uku a kowane gurbi zai iya fara wasa a kusan kowace ƙasa. Hukumar da ta shirya wannan wasa don kuɗi ta samu dubban kujeru a wofi da kuma sakamakon da zai sa sayar da tikitin gaba ya ƙara wuya.

Akwai masu cewa ai ƙasa ce ta mutum miliyan uku da 'yan kai, abin da aka gani a baya shi ne abin mamaki, yanzu an dawo daidai. Wannan hujja ba ta da ƙarfi kamar yadda take sauti. New Zealand ba ta wuce miliyan biyar da kaɗan ba. Fiji, wadda ta doke Wales da 24 da 19 a Cardiff a Nuwamban 2024, ba ta kai miliyan ɗaya ba. Yawan jama'ar Wales bai ragu daga 2019 zuwa 2024 ba. Abin da ya sauya shi ne hanyar da yaro ɗan 15 yake bi har ya zama ƙwararre. Ƙwallon ƙafa ta ja nata rabon tun bayan da Gareth Bale da abokansa suka kai wasan kusa da ƙarshe na gasar Turai a 2016. Makarantu da kwalejojin Ingila irin su Hartpury da Millfield suna ba yaran Wales masu hazaƙa gurbin karatu, daga nan kulob-kulob na Ingila su ɗauke su. Immanuel Feyi-Waboso, wanda aka haifa a Cardiff kuma yake da tushe a Najeriya, ya buga wa Wales a matakin 'yan ƙasa da 18. Bai samu gurbin karatun likita a Jami'ar Cardiff ba, ya tafi Ingila, ya ƙare a Exeter, kuma a farkon 2024 ya zaɓi rigar Ingila. Mutum ɗaya ne, amma irin mutumin da ƙasa mai ƙananan lambobi ba za ta iya yin asararsa ba. Ga shi kuma tun farkon shekarun 2000 Wales ba ta da tawaga ta biyu mai buga wasa a kai a kai, wadda za a gwada mutum a cikinta kafin a jefa shi gaban Faransa. A 2024 ne aka kafa gasar Super Rygbi Cymru mai kulob goma don cike giɓin da ke tsakanin wasan sa-kai da na ƙwararru.

Maganin da hukumar ta kawo shi ne ya fi raba kan jama'a. A Agustan 2025 ta gabatar da shawarar rage ƙungiyoyin ƙwararru zuwa biyu. Aka yi ca a kanta. A Oktoba ta ce uku: ɗaya a Cardiff, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma, wanda ke nufin Ospreys da Scarlets, maƙwabtan da suka fi kowa adawa da juna, suna kallon gurbi guda.

Hujjar ragewa mai sauƙi ce. A raba kuɗin gida uku maimakon huɗu, kowace ƙungiya ta samu abin riƙe zaratanta, 'yan wasa su yi gogayya kan riga, su saba da cin wasa. Scotland da ƙungiyoyi biyu take tafiya, kuma Glasgow ta lashe gasar URC, wato lig ɗin da ƙungiyoyin Wales ma suke bugawa, a 2024. Italiya ma biyu ne, Benetton da Zebre, ga shi ta doke Wales a 2022 da 2024 da 2025.

Amma a yi lissafin rigar lamba 3 da aka yi magana a kai. Ƙungiyoyi huɗu na nufin riguna huɗu na fara wasa a kowane mako, da huɗu a benci. Idan ɗaya ko biyu suna jikin baƙi, waɗanda ba za su iya buga wa Wales ba, saura biyu ko uku. A rage ƙungiya ɗaya, an rage kashi ɗaya cikin huɗu na mintunan da ake da su don dafa ɗan wasan da sai ya shekara takwas yana dahuwa. Faransa tana da kulob 30 na ƙwararru a manyan rukunai biyu, Ingila tana da goma a rukunin farko ko bayan rugujewar Wasps da Worcester da London Irish. Scotland da ake misali da ita ta cike giɓinta ne da waɗanda aka haifa a waje, irin su Duhan van der Merwe da Pierre Schoeman daga Afirka ta Kudu da Sione Tuipulotu daga Ostareliya, kuma tawagarta ta 'yan ƙasa da 20 ta faɗo daga babban rukuni a 2019. Wannan ƙofa ma ta ƙara ƙunci, domin zaman da ake buƙata kafin baƙo ya cancanci wakiltar ƙasa ya tashi daga shekara uku zuwa biyar. Sannan akwai darasin Celtic Warriors: da aka rufe ta a 2004, mutanen Pontypridd da kwaruruwan da ke kewaye, yankin da take wakilta, ba su kwashi tutocinsu sun koma Cardiff ba. Da yawa sun daina zuwa kallon wasan ƙwararru ne kawai. Wanda ya ɗauka mutumin Llanelli zai tafa wa ƙungiyar da ke zaune a Swansea bai san yankin ba.

A ganina ragewa zuwa uku za ta iya gyara sakamakon kulob cikin shekara biyu ko uku, amma ba za ta ƙara wa tawagar ƙasa mutum na 16 zuwa na 33, adadin da ake tafiya da shi Kofin Duniya, ba, sai idan kuɗin da aka tara ya sauka ƙasa da gaske: kociyoyin turereniya a makarantun horar da matasa, gasa mai zafi ga 'yan shekara 18 zuwa 23, da yarjejeniya da jami'o'i don kada karatu ya zama dalilin ƙetare iyaka. Ireland, wadda kowa ke kwatance da ita, ƙungiyoyi huɗu gare ta kamar Wales. Abin da ya bambanta ta shi ne hukumarta ce ke riƙe da kwantiragin manyan 'yan wasa, ita ke ƙayyade yawan wasannin da za su buga, tana sa ido kan gurbin da kowane lardi zai ɗauko baƙo, ga makarantun sakandaren Dublin da ke fitar da yara kamar masana'anta.

Bugun hukuncin da Jarrod Evans ya ci a ƙarshen wasa da Japan a Nuwamban 2025, aka tashi 24 da 23, ya kawo ƙarshen rashin nasara sau goma a jere a gida, ya kuma riƙe Wales cikin ƙasashe 12 na sama kafin a raba rukunan Kofin Duniya na 2027. Ta faɗa rukuni ɗaya da Ingila da Tonga da Zimbabwe, kuma a sabon tsarin ƙasashe 24, fita daga wannan rukuni abu ne mai yiwuwa. Tandy zai je Ostareliya, inda za a yi gasar, da mutanen da aka gani a ƙarshen 2025 ne, da ƙarin wasanni kamar ashirin a jikinsu. Yaron da ya shiga makarantar horo a lamba 3 a 2025 yana ɗan shekara 18, idan komai ya tafi daidai kuma bai tsallaka Ingila ba, sai wajen gasar 2035 za a fara dogara da shi.